Daga 'yar kafa a bango zuwa gilashin silaidin: tarihin taga a ƙasar Maska

Idan ka taɓa zama a zauren ƙasa a cikin garin Maska da azahar ɗin watan Afrilu, sannan da la'asar ka shiga falon wani sabon gida a Funtuwa mai faffaɗar tagar gilashi shuɗiya tana kallon yamma, to jikinka ya riga ya gaya maka abin da wannan rubutu zai yi bayani. Zauren ba shi da fanka, tagarsa ba ta wuce a zura hannu ba, amma mutum yana iya yin gyangyaɗi a ciki. Falon kuwa an kashe masa miliyoyi, amma da an ɗauke wuta sai kowa ya ja tabarma ya fita waje.

Yawancin masu gini a yau tambayar da suke yi wa mai haɗa taga ita ce: wane launin gilashi ya fi kyau, kuma nawa ne? Tarihin tagar ƙasarmu yana nuna cewa akwai tambayoyi uku da suka riga wannan: ina tagar take kallo, me ke yi mata inuwa, kuma nawa daga cikinta ke buɗewa? Bari mu bi tarihin mu ga yadda muka san amsar a da, da yadda ta kuɓuce mana.

Tagar kakanni

Maska tsohon gari ne a kudancin ƙasar Katsina, wanda ya yi suna da saƙa da rini tun kafin jihadin 1804. Gari irin wannan yana da attajirai da malamai da masu sarauta, waɗanda ke da halin gina soro da tubali, a rufa shi da azarar giginya, a shafe shi da makuba. Talaka kuma, musamman a nan kudu inda ruwan damina ya fi na birnin Katsina yawa, ɗakin ƙasa mai jinkar ciyawa ya fi yi masa sauƙi.

A duka biyun taga ba wani babban abu ba ce. Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, inda take nufin 'yar kafa a jikin bango. A soro, 'yar kafa ce ƙarama can sama kusa da rufi, wani lokacin a gitta mata itace, a toshe ta da tsumma idan hunturu ya matsa. A ɗakin ciyawa sau da yawa ma babu ita sam. Iska tana bi ta ƙofa da ɗan tsakanin da ke tsakanin kan bango da jinka, ta kuma ratsa ciyawar kanta. Ƙofa ita ce babbar mashigar haske da iska, ana daidaita ta da asabari ko tufaniya.

Wannan ba rashin iya gini ba ne. Maginan da suka iya tayar da bakan gizo irin na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a wajajen shekarun 1830, ba faɗaɗa taga ce za ta gagare su ba. Ba su so ba ne, kuma suna da dalili.

Dalilin yana cikin bangon. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kamar yadda randa ke jinkirin ɗaukar ɗumi. Idan kaurinsa ya kai santimita 40, zafin da ya bugi bayansa da rana yakan ɗauki awa takwas zuwa goma ko fiye kafin ya iso ciki. Wato zafin azahar ba zai shigo ɗaki ba sai dare ya yi. A bazara kuma da dare mutanen gida suna tsakar gida ko bisa soro suna barci. A hunturu, wannan ɗumin da ya makara shi ne bargon mai ɗaki. Kafin gari ya waye bangon ya huce, ya shirya wa wata ranar. Babbar taga a irin wannan ɗaki ɓarna ce kawai: za ta shigo da rana da iska mai zafi kai tsaye, ta rushe duk aikin da bangon yake yi.

Sai kuma tsarin rayuwa. Girki, daka, saƙa, hira, karatun allo, duk a tsakar gida ko rumfa ko zaure ake yin su. Ɗaki na kwana ne da ajiya. Ga batun sutura: ba a son mai wucewa ya leƙa cikin gida. Ga hadarin damina da ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi, ga ƙurar hunturu daga arewa maso gabas. Ƙaramar taga ta amsa duk waɗannan a lokaci guda.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Ɗakunan nan suna da duhu. Idan an hura wuta a ciki lokacin sanyi, hayaƙi ba ya samun mafita da sauri, kuma yau mun san illar da yake yi wa huhun mata da yara. Tsakanin bango da jinka kuwa babbar hanyar sauro ce.

Jirgin ƙasa ya kawo gilashi

Turawan mulki sun zo da nasu tunanin. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro, musamman bayan Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ya sa dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Gidajensu kuma aka yi musu baranda mai faɗi, da dogayen tagogi masu marfin katako, da ragar waya. Ka lura da abu ɗaya: sun faɗaɗa taga, amma sun ɓoye ta a ƙarƙashin baranda. Rana ba ta taɓa ta.

A ƙasar Maska, auduga ce ta buɗe wa sabbin kayan gini hanya. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya kafa injinan gurza a yankin, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Hedikwatar gunduma ta koma Funtuwa, shi ya sa har gobe hakimin Funtuwa ke riƙe da sarautar Sarkin Maska. Jirgin da ke kwashe auduga da gyaɗa zuwa Ikko shi ne ke dawowa da kwanon rufi da siminti da gilashi da tagogin ƙarfe irin na kamfanin Crittall na Ingila.

Da farko sai a tashar jirgi da kantunan kamfanoni da ofisoshin En'e ake ganin su. Sannu a hankali dillalan auduga da ma'aikata suka fara kwaikwayo. Abin da ya fi yaɗuwa a gidajen talakawa shi ne taga mai marfin katako ko na gwangwani, wadda kafinta ke kafawa a bangon ƙasa. Kalmar wundo ma a wannan zamani ta shigo bakinmu. Wannan taga, duk da rainin da ake yi mata yau, tana da wata fa'ida: idan an rufe ta rana ba ta shiga ko kaɗan, idan an buɗe kuma duk faɗinta iska ce.

Zamanin luba

Bayan yaƙin duniya na biyu, masu zanen gine-gine irin su Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana Jami'ar Ibadan, suka yaɗa salon gini na ƙasashe masu zafi: dogon gini siriri, bango mai huda-huda, da tagogi a ɓangarori biyu don iska ta ratsa. Wani littafinsu a kan wannan fanni ya fito a 1956, kuma a kan yankuna masu laima ya yi magana. Tagar da ta dace da wannan salo ita ce luba, wato jerin fallayen gilashi da ake karkatawa da ɗan hannu. Samfurin Naco na ƙasar Ostireliya ya cika makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata daga Legas har Katsina. Duk wanda ya yi makarantar kwana a shekarun 1970 ko 1980 ya san ƙarar fallen luba idan ya faɗo.

Luba tana buɗe kusan duk faɗin taga, kuma ana iya barin ta a buɗe ko ana yayyafi. A damina babu kamarta. Matsalarta ita ce ba ta rufuwa ruf. A Ibadan wannan ba komai ba ne. A Funtuwa kuwa, da hunturu ya kama sai ka ga an liƙe luba da jarida da kwali, ƙura kuma ta shiga duk da haka. Ƙurar nan ba ƙazanta kaɗai ba ce. Binciken da Brian Greenwood da abokan aikinsa suka yi daga Zariya a shekarun 1970, wanda ya haɗa da yankin Malumfashi, ya nuna yadda sanƙarau ke tashi a lokacin da iska ta bushe ƙayau, ya lafa da saukar damina. Taga a ƙasarmu dole ta iya buɗewa sosai, ta kuma iya rufuwa sosai.

Wani abin sha'awa shi ne, a Najeriya aka ƙirƙiro ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin daidaita gini da yanayi. Wani mai zanen gini, Carl Mahoney, ya tsara wasu jadawali daga aikin da ya yi a nan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga su a 1971. Kana zuba musu alƙaluman zafi da laima da ruwan sama na wata-wata, su gaya maka irin ginin da ya dace. Ga wuri mai laima duk shekara, sukan ba da shawarar manyan tagogi, kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bangon arewa da kudu. Ga wuri mai zafi da bushewa, inda rana da dare suka bambanta sosai, sukan ce ƙananan tagogi, kashi 10 zuwa 20, da bango mai kauri wanda ke jinkirta zafi fiye da awa takwas, da wurin kwana a waje. Ka ga ke nan lissafi ya dawo kan abin da maginin tubali ya sani. Ƙasar Maska tana tsakanin biyun ne: watanni na rani, watanni na damina mai laima. Tana buƙatar taga matsakaiciya wadda ke sauya hali da sauyin lokaci.

Bulo, kwano da alminiyom

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sauya fuskar garuruwa. Bayan ƙarin albashin Udoji, da jiragen siminti da suka yi cincirindo a tashar Legas a 1975, gidan bulo da kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Bulo mai rami na inci shida ko tara ba ya riƙe zafi kamar bangon ƙasa. Cikin 'yan awanni ya miƙa shi ciki. Kwano kuma idan babu sili mai kyau, wuta yake zubowa daga sama.

Daga baya tagar silaidin ta alminiyom ta kori luba. Dalilan a fili suke: tana tare ƙura fiye da luba, ba ta tsatsa, gara ba ta cin ta, masu haɗa ta suna kowane gari, kuma gilashi ya yi araha a duniya tun bayan da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana sabuwar hanyar zuba shi a kan narkakken kuza a 1959. Gilashi mai launi ko mai ɗaukar ido kamar madubi ya ba da sutura da rana.

Amma duba abin da aka yi asara. Silaidin rabinta kawai ke buɗewa, domin falle ɗaya yana komawa bayan ɗaya ne. A ƙara raga da ƙarafan tsaro da labule mai kauri, iskar da ke shiga ta zama 'yar kaɗan. Filaye sun ƙanƙance, katanga ta yi tsawo ta matso jikin gini, tsakar gida ta zama falo. Matsalar tsaro da ta addabi kudancin Katsina a shekarun nan ta sa mutane da yawa ba sa iya kwana a waje. Wato mun bar bangon da ke jinkirta zafi, mun faɗaɗa kafar da ke shigo da shi, mun cire barandar da ke kare ta, sannan muka koma cikin ɗakin muka kulle. An yi hakan da zaton lantarki zai biya bashin. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, kowa ya san nauyin wannan bashi.

Abin da gilashi ke yi wa zafi

Zafi yana bi ta taga ta hanya biyu. Ta farko, hasken rana da ke ratsa gilashi kai tsaye. Kusan rabin ƙarfin hasken rana ido ba ya ganin sa, amma fata tana jin sa. Farin gilashi na yau da kullum yana barin fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan zafi ya wuce. Idan ya shiga ya sauka a kan tayil da kujeru, sai su ɗumama, zafin da suke fitarwa kuma gilashi ba ya barin sa ya fita da sauƙi. Abin da ke faruwa a motar da aka ajiye a rana ke nan.

Bari mu yi lissafi. Da la'asar a bazara, kowane murabba'in mita na bangon yamma yana iya karɓar wat 600 na hasken rana. Taga mai murabba'in mita biyu za ta shigo da kusan wat 1,000. Kamar ka kunna dutsen guga na lantarki ne ka ajiye a tsakiyar falo har magariba. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana cire kimanin wat 2,600, ka ga fiye da sulusin aikinta ya tafi a kan taga ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce zafin iskar waje da ke ratsa jikin gilashi da firam. Idan waje yana digiri 38, ɗaki yana 25, gilashi falle ɗaya yana shigo da kimanin wat 75 a kowane murabba'in mita. Kwatanta 75 da 500 na hasken rana. Wannan shi ne dalilin da ya sa gilashi mai ruɓi biyu, wanda aka ƙirƙira don tsare ɗumi a ƙasashen sanyi, ba shi ne farkon abin da mai gini a Funtuwa zai sa kuɗinsa a kai ba. Yana da amfani a ɗakin da na'urar sanyi ke aiki dare da rana, amma babban abokin gabarmu hasken rana ne.

Gilashi mai launi fa? Yana rage zafin da ke wucewa zuwa wajen kashi 60, amma shanye shi yake yi. Taɓa shi da la'asar ka ji, kuma wani kaso na abin da ya sha ciki yake sakin sa. Mai kama da madubi ya fi shi tarewa, sai dai yana duhunta ɗaki, kuma da dare idan an kunna fitila na waje ne ke ganin na ciki. Akwai gilashi mai wani siririn shafe da ido ba ya gani, wanda aka bunƙasa a Amurka da Turai bayan rikicin man fetur na 1973. Nau'insa da aka yi don ƙasashe masu zafi yana barin haske ya wuce, ya rage zafin zuwa kashi 25 zuwa 40. Yana da kyau, yana da tsada, kuma sai ka tabbatar nau'in tare rana aka ba ka, ba na ƙasashen sanyi ba. Inuwa daga waje kuwa tana iya tare kusan kashi 80 kafin rana ta taɓa gilashin. Labulen ciki ba ya kama ƙafarta, domin kafin haske ya iso labule ya riga ya shigo ɗaki.

Rana a saman Funtuwa

Funtuwa tana kan kusan digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku tana ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran shekara kuma kudu. A watannin zafi tana can sama sosai. A ƙarshen Maris, tagar kudu mai tsayin mita 1.2 'yar rumfa ta santimita 30 zuwa 50 a samanta ta ishe ta inuwa da tsakar rana. A Disamba rana tana saukowa zuwa digiri 55, ta leƙa ta ƙarƙashin rumfar, a daidai lokacin da ake son ɗumi.

Gabas da yamma ba haka suke ba. Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana tana wajen digiri 30 daga ƙasa, tana kallon taga ido da ido, a lokacin da iska ta fi zafi. Kafin rumfa ta kare wannan taga sai ta kai mita biyu. Wato sai baranda, ko bishiya, ko marfi.

Kafin ka kira mai haɗa taga

Tun a kan takarda, juya ginin yadda dogayen bangayensa za su kalli arewa da kudu, ka sa manyan tagogi a can. A yamma ka sa banɗaki ko sito ko matakala, ko ƙaramar taga can sama. Dokar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce kada taga ta wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi mata inuwa.

Zaɓi tagar da ke buɗewa gaba ɗaya kamar ƙofa, mai roba a gefe don tare ƙura. Kowane ɗakin kwana ya samu mafita biyu a bango daban-daban, ɗaya ta fi ɗaya tsayi, domin iska mai zafi sama take hawa. Kada ka bar raga: wani gwaji da aka yi a Gambiya, aka buga a 2009, ya nuna cewa sa wa gida raga ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini ga yara. Tun da raga tana rage iska, sai a yi la'akari da ita wajen auna girman taga. Ƙarafan tsaro kuma a bar wa aƙalla ɗaya makulli da za a iya buɗewa daga ciki saboda gobara.

Idan gidan ya riga ya ginu, ba sai ka fasa bango ba. Rumfar kwano ko ta zana a kan tagar yamma, asabari da aka rataya ta waje, darbejiya ko mangwaro a 'yar tazara daga gini, duk sun fi sauya launin gilashi amfani. A bazara ka rufe tagogi da hantsi, ka buɗe su duka bayan isha'i har asuba. A damina ka bar su a buɗe. Kuma ka duba sili, domin a gida mai hawa ɗaya zafin da ke sauka daga kwano yakan fi na taga.

Ba wanda ke cewa a koma ɗaki mai duhu da hayaƙi. Muna son haske, muna son raga, muna son tsaro, kuma gilashi ya ba mu abin da tsumma bai ba kakanninmu ba. Abin da ya kamata mu karɓo daga maginin Maska shi ne ɗabi'arsa ta duba rana da iska kafin ya huda bango. A watan Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masana yanayi suna hasashen irin waɗannan ranaku za su ƙaru a yankinmu. Tagar da ka kafa bana, 'ya'yanka za su kwana a bayanta shekara talatin ko fiye. Kafin ka biya kuɗinta, je filin da ƙarfe huɗu na yamma, ka tsaya inda za a kafa ta, ka ga inda rana take.